Wa ke da izinin gwada jininka a Amurka? Fashin baƙin dokar CLIA da lasisin jihohi

A Amurka, mallakar lasisin ɗakin gwaje-gwaje daban, lasisin ma'aikacin da ke cikinsa daban. Gwamnatin tarayya ce ke riƙe da na farko, na biyun kuma an bar wa kowace jiha ta yi yadda ta ga dama. Yawancin ruɗanin da ake samu kan wannan aiki daga nan yake tasowa.

Dokar tarayyar sunanta CLIA, kuma Shugaba Ronald Reagan ya sa mata hannu a 1988. Abin da ya haife ta ba mai daɗi ba ne. A 1987 jaridar Wall Street Journal ta fallasa yadda wasu ɗakunan gwaji ke jibga wa ma'aikata samfurin gwajin sankarar bakin mahaifa fiye da kima, ana biyansu gwargwadon yawan da suka duba. Mai gaggawa kuwa ba ya ganin alamar cutar da kyau. Mata suka riƙa karɓar sakamakon lafiya lau alhali cutar na cin su. Ƙa'idojin aiwatar da dokar sun fara aiki a 1992, ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya da yau ake kira CMS.

Dokar ta shafi duk wurin da ake gwada jini, fitsari ko wani abu daga jikin ɗan Adam don gano cuta ko kula da ita, ko babban asibiti ne ko ɗan ofishin likita guda. Hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta kasa gwaje-gwaje gida uku. Akwai masu sauƙi, irin su gwajin ciki da fitsari da awon sukari ta hanyar huda yatsa. Waɗannan takardar izini kawai suke buƙata da bin umarnin kamfanin da ya ƙera kayan. Akwai matsakaita, kamar ƙidayar ƙwayoyin jini da inji, inda mai takardar sakandare zai iya aiki muddin akwai shaidar horon da ya samu. Sai masu wuya, irin su duba ƙwayoyin halitta a madubin likita, waɗanda ke neman aƙalla karatun kwaleji na shekara 2 a fannin ko kwatankwacinsa.

A ganina, zuciyar dokar ita ce jarrabawar ƙwarewa. Sau 3 a shekara ake aiko wa ɗakin gwaji samfura waɗanda shi bai san amsarsu ba, galibi 5 a kowane zagaye. Dole ya gwada su kamar yadda yake gwada na marasa lafiya, da ma'aikatan da suka saba yin aikin, ba a ware wa gwanin gida ba. A yawancin gwaje-gwaje kashi 80 cikin ɗari ne makin ci, amma a tantance rukunin jini sai an ci ɗari bisa ɗari, domin kuskure ɗaya wajen ƙarin jini na iya zama ajali. Wanda kuma ya aika samfurin jarrabawa wani ɗakin da gangan don a yi masa satar amsa, yana iya rasa takardarsa. Masu duba samfurin bakin mahaifa an ƙayyade musu: kada mutum ɗaya ya duba samfuri fiye da 100 cikin awa 24, kuma a sake duba aƙalla kashi 10 na waɗanda aka ce ba cuta. Ana zuwa binciken ɗakunan da ke gwaji matsakaici da mai wuya duk shekara 2.

To, ina lasisin mutum? CLIA ta faɗi karatun da ake buƙata, amma ba ta ba kowa lasisi. Jihohi 'yan kaɗan ne suka ɗora nasu sharaɗin, cikinsu akwai Kalifoniya, New York, Florida, Hawaii, Louisiana da Nevada. Kalifoniya ta fi tsanani: digiri na farko, horon shekara guda a ɗakin gwaji da aka amince da shi, jarrabawa, sannan karatun ƙaro sani kafin a sabunta lasisi. Hatta mai ɗibar jini sai da takardar jiha. A sauran jihohi, masu ɗaukar aiki ne ke neman shaidar ƙungiyoyin sana'a irin su ASCP, wadda ba doka ce ta wajabta ta ba, amma da wuya a samu aikin kirki babu ita. Shi ya sa ma'aikacin da ya shekara goma yana aiki a Texas, idan ya koma Kalifoniya, ba zai taɓa samfurin majiyyaci ba sai ya samu lasisin jihar.

Dokar CLIA tana da haƙora. A 2016 CMS ta sanar da soke takardar ɗakin gwajin Theranos, wani kamfanin gwajin jini, da ke Newark a Kalifoniya, bayan masu bincike sun gano matsalolin da ke jefa rayuwar marasa lafiya cikin haɗari, ta kuma hana shugabarsa Elizabeth Holmes mallaka ko tafiyar da ɗakin gwaji har shekara 2.