Waiwaye: Yadda duron ya shigo arewacin Kamaru ta ƙofa biyu

A wani biki da aka yi a unguwarmu a Garwa, ɗan yayata aka ɗauka ya yi bidiyo. Bayan la'asar, da aka fara jera motocin kai amarya, sai ya zuge jakarsa ya fito da ɗan jirgin nan maras matuƙi da muke ce wa duron, ya ajiye shi a kan tabarma, ya miƙe masa fukafukai. Yara suka yi masa zobe. Abin ya yi ƙugi kamar taron zuma, ya tayar da ƙura, ya yi sama. Da kyar ya wuce tsayin dalbejiyar ƙofar gida sai muka ji salati daga maƙwabta. Ashe matan gidan suna tsakar gida suna wanki, wata ko ɗankwali babu. Mai gidan ya fito yana huci.

"Kai yaro, wa ya ba ka izinin leƙa mini gida?"

Ɗan yayata ya durƙusa. "Baba, a yi haƙuri, wallahi motoci nake ɗauka."

Ba a gama da wannan ba sai ga jami'ai biyu a kan babur, su kuma tasu tambayar ita ce: ina takarda? Sai da dattawa suka sa baki, ya sauko da abin, aka duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, aka goge na gogewa, sannan ƙura ta lafa. Takarda kam ba shi da ita, kuma da na tambaye shi daga baya ko ya san ofishin da ake karɓa, shiru ya yi.

Tambayar jami'an ta girmi yaron, ta girmi uwarsa ma. A 1944, yaƙin duniya na biyu bai ƙare ba, ƙasashe suka taru a birnin Chicago na Amurka suka rattaba hannu kan yarjejeniyar da har gobe ita ce uwar dokokin sufurin sama. Sashe na 8 ya ce jirgin da ke iya tashi ba matuƙi ba zai ratsa sararin wata ƙasa ba sai da izini na musamman daga ƙasar. Sashe na 36 kuma ya ba kowace ƙasa ikon hana ɗaukar hoto daga jirgi a samanta, ko ta gindaya sharuɗɗa. Waɗanda suka rubuta wannan jiragen yaƙi da na leƙen asiri ne a ransu, ba wanda ya kawo bikin Garwa a zuciyarsa. Amma Kamaru da Cadi duk sun shiga yarjejeniyar bayan samun 'yanci, sun gaji tunanin nan cewa sama ta gwamnati ce. Kula da zirga-zirgar jirage yana hannun hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959, mai hedikwata a Dakar. Ba da izini da sa ido kuwa, a Kamaru aikin hukumar CCAA ne, a Cadi kuma ADAC.

Shekaru da yawa wannan bai shafi talaka da komai ba. Hoto daga sama sai mai kuɗin hayar helikwafta ko ƙaramin jirgi, wato masu zana taswira da Turawan da ke zuwa ɗaukar giwaye a Waza. Mai bidiyon biki iyakarsa ya hau bayan akori-kura ko soron wani.

Shekarar 2013 ce ta birkita lissafi, kuma abubuwa uku ne suka faɗo cikinta. A watan Janairu kamfanin DJI na Sin ya fito da Phantom, duron ɗin da kowa zai iya saya ya tayar ba tare da ya yi karatun injiniya ba. A watan Fabrairu aka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a kusa da Dabanga, bayan sun fito daga gandun dajin Waza, wanda shi ne ya nuna wa duniya Boko Haram ta tsallako Kamaru. A watan Yuli kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar sufurin sama ta ƙasar. Wato na'urar da yaƙin tare suka iso mana, kamar tagwaye. Ni a nan nake ganin tushen duk wahalar da masu ɗaukar hoto ke sha a arewa, wadda takwarorinsu na Duwala ba su san irinta ba.

Abin da ya biyo baya duk mun gani. A watan Mayun 2014, bayan taron shugabanni kan tsaro da aka yi a Faris, Shugaba Paul Biya ya ayyana yaƙi da Boko Haram. A Disamban shekarar aka yi dokar yaƙi da ta'addanci, wadda ta miƙa irin waɗannan shari'o'i ga kotun soja. A 2015 bama-bamai suka tashi a Njamena cikin Yuni, sannan Fotokol da Marwa cikin Yuli. A Oktoba Barack Obama ya sanar da aiko da sojojin Amurka kimanin 300, aka sauke su a Garwa da manyan jiragensu marasa matuƙa na leƙen asiri. Dama mai sauraron rediyon Hausa ya saba jin "jirgi maras matuƙi" ne a labarin Pakistan da Yaman, kullum tare da adadin waɗanda suka mutu. To ga shi yanzu a bayan gari. Duk saurayin da ya fito da ƙaramin nasa a wannan lokaci, da wannan suna aka kalle shi.

A 2015 ɗin ce kuma aka kama Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, a Marwa. Kotun soja ta yanke masa shekara 10 a 2017, aka sake shi a ƙarshen shekarar bayan ɗaukaka ƙara. Shari'arsa ba ta da alaƙa da duron ko kaɗan. Na kawo ta ne don duk mai riƙe da kyamara a Marwa ya ɗauki darasi daga gare ta, ya gane cewa abin da ke cikin na'urarka na iya kai ka inda ba ka zata ba.

A Najeriya, inda yawancin kayan aikinmu ke fitowa ta Yola da Mubi, hukuma ba ta yi wata-wata ba. A watan Mayun 2016 hukumar kula da sufurin sama ta ƙasar, NCAA, ta hana tayar da duron sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Duk da haka salon bai mutu ba. Waƙoƙi da finafinan Hausa suka cika da hoton gari daga sama, amare a nan suka gani, suka ce su ma sai an yi musu. Yau in mai bidiyo ya ce ba shi da duron, ana iya ba wani aikin.

Ƙasashen Yamma kuwa wata hanya suka bi: maimakon su ce kowa ya zo neman izini a kowane tashi, sai suka rarraba shi gida-gida bisa nauyi da haɗari. Faransa ta fara a 2012. Amurka ta fito da ƙa'idar 'yan kasuwa a 2016, inda mutum zai zauna jarrabawa ya karɓi shaidar matuƙi. Tarayyar Turai ta haɗe nata a ƙarshen 2020. Ginshiƙan kusan ɗaya ne: kada ka wuce mita 120, kada ya ɓace wa idonka, ka nisanci filin jirgi, kada ka bi ta kan cunkoson jama'a. Ba a banza suka tsananta batun filin jirgi ba. A Disamban 2018 rahoton ganin duron kawai ya rufe filin Gatwick na Ingila, ya shafi tashin jirage kusan 1,000.

Akwai wani abin da yaranmu suka tsinto daga can suka riƙe shi bai-bai. Da yake a Amurka da Turai nauyin gram 250 ne kan iyakar da dokoki ke fara tsananta, sai DJI ya fito da Mavic Mini a 2019 mai gram 249 cif. Shi ke nan, kowa ka tambaya sai ya ce, "Kawu, nawa ƙarami ne, ba ya buƙatar takarda." Wannan sassauci na wasu ƙasashe ne, ba ya bin kwalin ya tsallako iyaka. Ko a can ɗin ma bai kai yadda ake zato ba. A Amurka mai wasa da shi ne aka yafe wa rajista, mai cin abinci da shi sai ya yi komai ƙanƙantarsa. A Turai muddin da kyamara a jiki, kuma ba abin wasan yara ba ne, mai shi sai ya yi rajista.

A Kamaru matsalar mai son bin doka ita ce ƙofar ba ɗaya ba ce. Sama ta CCAA ce. Ɗaukar fim na kasuwanci yana ƙarƙashin ma'aikatar fasaha da al'adu, bisa dokar harkar sinima ta 1988. In Waza ne ko Buba Njida ko gandun Binuwai, ma'aikatar gandun daji da namun daji na da ta cewa. In hawan salla ne a ƙofar fada, ba mai hankalin da zai tayar da abu a kan dawakan Lamiɗo bai gaya wa fadawa ba, balle doki ya firgita da ƙugin nan a tsakiyar sukuwa. Ga kuma gwamna da wakilansa da jami'an tsaro, waɗanda a aikace su ne za su tare ka. Manyan ofisoshin suna Yawunde. Daga Garwa sai ka ɓata rabin yini a mota zuwa Gaundare, ka kwana cikin jirgin ƙasa. Kamfanin da ke auna gonakin auduga ko mai aikin hanya zai iya wannan, yana da sakatare da lauya. Yaron da aka kira ranar Talata don bikin Asabar fa? Tsarin da aka gina don kamfanonin jirage ne aka ɗora masa, shi ya sa yake zaɓar ya tayar da sauri ya sauke kafin a ankara.

Garwa kuma ta fi kowa shiga tsaka mai wuya, don filin jirginta a gefen gari yake, ga sansanin sojan sama manne da shi. Unguwanni da dama jirgi na sauka ta kansu ne. Marwa ta ɗan fi sauƙi ta wannan fuska tunda filin Salak yana can wajen gari, sai dai ita kuma ta fi kusa da wuta.

Kada kuma a ce jami'an tsaro tsoron banza suke yi. Tun a Nuwamban 2018, a taron shugabannin yankin tafkin Cadi a Njamena, Muhammadu Buhari ya yi maganar 'yan Boko Haram na amfani da duron wajen leƙen asiri. A watan Maris na 2025 aka kai hari Wulgo ta Najeriya, dab da iyakar Kamaru, sojojin Kamaru 12 suka rasu, rahotanni kuma suka ce an yi amfani da duron mai ɗauke da bam. Irin na kasuwa ne ake gyarawa, irin wanda ke cikin jakar ɗan yayata. Sojan da ke tsaye a shinge ya ji ƙugi a samansa, ba shi da hanyar sanin na amarya ne ko na ajali.

Saura tambayar mai gidan nan, wadda ni ta fi tsaya mini a rai. Gidan Bahaushe da na Bafulatani an gina shi ne da lissafin idon da ke tafiya a ƙasa: zaure ya tare baƙo, katanga ta tare mai wucewa. Muna yara, in magini zai hau soro sai an aika maƙwabta a ce mata su kimtsa. Duron ya tsallake zaure da katanga a daƙiƙa biyar, kuma abin da ya gani ba ya tsayawa a idon mutum ɗaya, da dare yana TikTok. Kamaru na da dokar laifukan intanet ta 2010 da ta taɓo sirrin mutane, an kuma yi dokar kare bayanan jama'a a Disamban 2024. Amma ban taɓa ganin magidancin da ya ambaci ɗayansu ba. Shi dai ya san an keta masa haddi, kuma wurin mai unguwa zai kai ƙara.

Ɗan yayata bai daina sana'ar ba. Yanzu ana gobe biki yakan je ya gaida mai unguwa, ya sa yaro ya bi gidajen layin ya ce gobe bayan la'asar za a hau sama. Yakan karkatar da kyamarar ta bi titi. Kwanan baya wani ya kira shi aiki a wani ƙauye bayan Mora, kuɗi mai kauri, ya ce zai zo da kyamarar hannu kawai. Mutumin ya ce to a bar shi.