Ma'anar "ɗan benci" da kuskuren masu zagi da ita

A 'yan kwanakin nan kalmar "ɗan benci" ta fita daga gidajen kallon ƙwallo ta shiga bakin kowa. Mai sharhin wasanni a rediyo yakan kira ɗan wasa da ita don ya nuna cewa tasa ta ƙare, ɗan siyasa kuma idan yana son muzanta abokin hamayyarsa sai ya ce ai wane ɗan benci ne, yana nufin ba ya tsinana wa jama'a komai, har ta kai ana jifan mataimakan gwamnoni da kwamishinonin da aka daina jin ɗuriyarsu da ita. Kowa ya san cewa a kan benci 'yan wasan da ba a fara wasa da su ba suke zama, don haka babu buƙatar tsayawa a nan. Abin da yake damuna shi ne yadda aka tara mutane iri-iri a cikin kalma ɗaya, sannan aka ɗora musu ma'anar ragwanci baki ɗaya, alhali a cikinsu akwai wanda ya fi wasu masu fara wasa daraja a wurin koci, akwai kuma wanda kusan ba ya taka fili amma gumin da yake zubarwa bai gaza na kowa ba.

Ina ganin daga ƙwallon ƙafa ruɗanin ya samo asali. A can canji biyar kawai aka yarda a yi a wasa, kuma wanda aka fitar ba ya dawowa, shi ya sa zaman benci yake kama da hukunci. A ƙwallon kwando kuwa mutum biyar ne a fili daga kowane ɓangare, canji ba shi da iyaka, ana iya fitar da ɗan wasa ya huta minti biyu a mayar da shi. Wanda yake son ya ga matakan benci ƙarara, babu inda ya fi masa manyan jami'o'in Amurka, inda makarantu fiye da 350 suke fafatawa a rukunin farko na hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in ƙasar, ana buga minti 40 a wasa, kuma duk wanda ya yi laifi biyar ya fita ke nan.

Wanda yake zaune a kujerar farko, kusa da koci, shi ne ake kira mutum na shida, kuma da gangan ake ajiye shi domin ya shigo da ƙarfinsa a lokacin da abokan karawa suka fara gajiya. A wasan ƙarshe na gasar jami'o'i ta 2018, Donte DiVincenzo na jami'ar Villanova ya taso daga benci ya ci maki 31 a kan Michigan, aka ba shi kyautar gwarzon zagayen ƙarshe na gasar. Irin wannan ɗan canji ne, kuma kiransa ɗan benci rashin sani ne kawai. Bayansa akwai matashin da ake reno, wanda kowa ya ga baiwarsa amma bai nuna ba tukuna. Hakeem Olajuwon ya bar Legas ya isa jami'ar Houston a 1980, bai buga wasa ko ɗaya ba a kakarsa ta farko, a ta biyu kuma daga benci yake shigowa, amma a 1984 shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, gasar ƙwararru ta Amurka.

Ɗan benci na ainihi yana can ƙarshen layi, nesa da koci, kusa da kwalaben ruwa da tawul. Galibi shi ne wanda Amurkawa suke kira "walk-on", wato ɗalibin da ya kawo kansa ƙungiya ba tare da an ba shi tallafin karatu ba, wanda a nan zan kira ɗan sa-kai. Shekara da shekaru, kafin sauyin 2025, dokar NCAA ta kayyade wa kowace ƙungiyar maza ta rukunin farko guraben tallafi 13, amma ƙungiyoyi sukan riƙe 'yan wasa 15 ko fiye, kuma a wasa mai zafi da wuya koci ya yi amfani da fiye da takwas ko tara. Waɗanda suka haura goma sha ukun nan su ne 'yan sa-kai. Iyayensu ne suke biyan kuɗin makaranta, ko su ci bashi, a ƙasar da karatun shekara ɗaya a jami'a irin Duke, da masauki da abinci, ya haura dala 80,000. Wasu koci ne yake yi musu alkawarin gurbi tun suna sakandare, wasu kuma sai sun shiga gwajin da ake buɗe wa ɗalibai a farkon zango, inda akan ɗauki mutum ɗaya ko biyu, wata shekarar ma ba a ɗaukar kowa.

Masu zagi da kalmar suna ɗauka cewa wannan mutumin bai iya wasa ba ne. Kiyasin NCAA ya nuna cewa kusan ɗaya cikin ɗari na samarin da suke buga ƙwallon kwando a sakandaren Amurka ne kawai suke kaiwa rukunin farko. Da yawa daga cikin 'yan sa-kai su ne taurarin makarantunsu a da, kuma da sun zaɓi ƙaramar kwaleji da sun riƙa fara wasa kullum. Sun zaɓi su zama na ƙarshe a babban gida, kuma ko da mutum bai yarda da wannan zaɓin ba, bai kamata ya kira shi kasawa ba.

Aikinsa na gaskiya a wurin atisaye yake, inda babu kyamara. Kafin kowane wasa, mataimakin koci yakan zauna da bidiyon abokan karawa ya fitar da dabarunsu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tara 'yan ƙarshen benci ya koya musu, sau da yawa kafin sauran 'yan wasa su iso. Sai a ba su riguna masu wani launi dabam, a ce wa wannan yau kai ne mai lamba kaza na ƙungiyar da za mu kara da ita, shi bahago ne, ba ya son bi ta dama, kuma da zarar an tare masa hanya yakan ja baya ya jefa daga nesa. Ɗan sa-kai zai ajiye salon wasansa ya ɗauki na wani, ya maimaita shi sau ashirin yana shan gwiwar hannu da kafaɗa daga mutumin da ya fi shi tsawo da nauyi, domin idan ranar wasa ta zo taurarin ƙungiya su tarar da abin da suka riga suka sani. Bayan kwana uku sai ya manta da wannan ya haddace dabarun wata ƙungiyar, ban da na ƙungiyarsa da dole su kasance a kansa koyaushe. Matsayinsa kamar na mai zuga ne a maƙera, wanda ba a ambatonsa idan ana yabon fartanya, amma idan ya tsaya wuta ta mutu.

Kuma babu rangwamen da ake yi masa. Yana ɗaga ƙarfe da asuba tare da kowa, yana gudun horo idan ƙungiya ta yi laifi, yana zama a ɗakin kallon bidiyo, kuma dole ya ci jarrabawarsa kamar kowane ɗalibi ko ya rasa damar wasa. Doka ta ce kada ayyukan wasa su wuce awa 20 a mako a lokacin kaka, amma ba a lissafa tafiye-tafiye da jinyar rauni a ciki. Kafin 2014 ma, abincin da ake tanadar wa 'yan wasa na masu tallafi ne, ɗan sa-kai sai ya biya kafin ya ci tare da mutanen da suka gama atisaye ɗaya da shi. A shekarar ne NCAA ta sassauta dokar ciyarwa ta haɗa da su. Duk lokacin da na tuna cewa sai a 2014 aka gyara wannan, raina yakan ɓaci, domin gasar da ake yi wa wannan hidimar tana shigo da kusan dala biliyan ɗaya a shekara.

Ranar wasa kuma aikinsa ya koma na tsayuwa da tafi da miƙa tawul, da faɗa wa 'yan cikin fili dabarar da abokan karawa suke shirin yi, tunda shi ne ya buga ta duk mako. Ba ya cire rigar sama sai idan ƙungiyarsa ta ba da tazarar maki ashirin ko talatin kuma saura minti ɗaya ko biyu. A lokacin ne ɗalibai 'yan kallo sukan fara rera sunansa suna neman koci ya sa shi, kuma da ƙwallo ta taɓa hannunsa sai filin ya ɗauka da ihun ya jefa. Na san ƙauna ce take sa su yin haka, amma akwai wani abu a ciki da ba ya kwanta mini, domin ana yi wa ƙwararren ɗan wasa irin murnar da ake yi wa yaro, shi kuma ya san cewa idan ya jefa ba bisa tsari ba gobe zai ji daga koci.

Daga irin wannan minti ɗayan aka samo abin da suke kira tiriliyan. A takardar ƙididdigar wasa ana rubuta mintin da kowa ya buga a farkon layi, sannan jifa da maki da laifi da sauransu su biyo baya, don haka wanda ya shiga na minti ɗaya bai yi komai ba layinsa yakan fito da ɗaya a gaba da jerin sifiri a baya. Mark Titus, ɗan sa-kai a jami'ar Ohio State daga 2006 zuwa 2010, wanda yake cikin ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe a 2007 ta sha kashi a hannun Florida, shi ne ya yaɗa wannan suna, kuma da raha ya yi shi. A wurina sifirin nan shaida ne kan gazawar takardar, domin babu gurbi a cikinta da ake rubuta abin da mutum ya yi ranar Talata a wurin atisaye.

Akwai dai ranar da aikin yakan fito fili. A ranar 31 ga Maris, 2013, Kevin Ware na jami'ar Louisville ya karye a ƙafa a gaban dubban 'yan kallo a wasansu da Duke. Bayan kwana shida, a wasan kusa da na ƙarshe a birnin Atlanta, Wichita State ta ba Louisville tazarar maki 12 a zagaye na biyu, koci Rick Pitino kuma ba shi da wanda zai cike gurbin Ware sai Tim Henderson, ɗan sa-kai ɗan garin Louisville, wanda ya saba shiga ne bayan an gama komai. Henderson ya tsaya a kusurwa ya jefa mai maki uku ta shiga, ya sake jefawa ta sake shiga, tazarar ta koma shida, daga nan wasa ya juya. Louisville, wadda Gorgui Dieng ɗan Senegal yake cikinta, ta ci 72 da 68, sannan ta doke Michigan ta ɗauki kofi, ko da yake a 2018 NCAA ta ƙwace kambun saboda wani abin kunya da ya shafi zawarcin sababbin 'yan wasa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Sai dai ba na son a dogara da irin wannan labari wajen kare ɗan benci, domin mafi yawansu sukan gama shekara huɗu irin wannan rana ba ta zo musu ba, kuma hakan bai rage komai daga abin da suka yi ba. Hannun da ya jefa ƙwallon nan a Atlanta a ɗakin atisaye aka shirya shi, kuma da ba a kira Henderson ba a ranar, shirin nasa yana nan yadda yake.

Shi ya sa amfani da kalmar a siyasa yake karkacewa. Wanda aka ba muƙami ya kwanta yana karɓar albashi ba ya aiki yana da sunaye da yawa a Hausa, ba sai an ara masa wannan ba, domin shi ana biyansa ba ya gumi, ɗan benci kuwa yana gumi yana kuma biya daga aljihunsa. Idan ma za a ara, wanda ta fi dacewa da shi shi ne ma'aikacin da yake shirya takardun da wani zai sa wa hannu a yaba masa.

Yanzu wannan kujera ta ƙarshe tana cikin haɗari. Tun ranar 1 ga Yuli, 2021, aka ba 'yan wasan jami'a damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu, kuma a Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun ƙarar da Grant House, ɗan wasan ninƙaya, da wasu suka shigar. Sulhun ya ba kowace makarantar da ta shiga tsarin damar raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, wanda a ganina gyara ne da ya daɗe da cancanta. Amma ya soke iyakar tallafi 13 ya maye gurbinta da iyakar 'yan wasa 15 a ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza, kuma ana iya ba dukkansu tallafi. Mai shari'ar ta ƙi sa hannu har sai da aka yarda cewa waɗanda suke cikin ƙungiyoyi a lokacin, da waɗanda aka riga aka yi wa alkawari, ba za a lissafa su cikin iyakar ba. Wannan kariya tasu ce su kaɗai, tana ƙarewa da kammala karatunsu. Ɗalibin da zai zo nan gaba ya ƙwanƙwasa ƙofar babbar jami'a yana neman a gwada shi zai iya tarar da guraben 15 duk an cike su da waɗanda aka zawarto da kuɗi, kocin kuma zai ci gaba da buƙatar masu kwaikwayon abokan karawa, sai dai yana iya samunsu daga ɗaliban da suke zuwa atisaye kawai, kamar yadda ƙungiyoyin mata suka daɗe suna yi da samari, ba tare da an ba su riga ko an rubuta sunansu a jerin 'yan wasa ba.