Taku Goma Na Ƙofar Gidanka

Damina ta kankama, mu kuma ma'aikatan duba-gari lokacin rashin barcinmu ya zo. Da zarar ruwa ya fara sauka kamar da bakin ƙwarya, mun san baƙon da ke tafe a bayansa: amai da gudawa, wato kwalara. A shekarar 2021 kaɗai, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga mutum fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu a Najeriya, sama da 3,600 suka riga mu gidan gaskiya. Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna.

Watan jiya ina zagaye a wani lungu na tarar da wani dattijo a kan benci, rediyo a kunne, yana sauraron shirin siyasa. Kwatar da ke gabansa ta toshe da ledar fiya-wata, ruwa ya kwanta ya yi kore, jikokinsa uku na tsallaka ta ba takalmi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, wannan kwata fa?" Ya rage muryar rediyo ya dube ni sama da ƙasa. "Ɗana, ai kai ne gwamnati. Kai za ka gaya mini. Zaɓe nawa muka yi, wa ya zo ya yashe ta?"

Ban yi musu da shi ba, don yana da gaskiyarsa. Famfon lungun ya shekara bai ɗigo ba, motar shara ba ta shiga, kuma duk wannan haƙƙi ne da ke wuyan hukuma. Sai dai da na sa sanda na tona bakin kwatar, abin da ya fito ledar ruwa ne, da ƙunzugun yara, da tokar murhu, da ɓawon rake. Babu ɗaya da aka kawo daga sakatariya. Daga gidajen lungun suka fito, har da nasa.

Ƙwayar kwalara hanyarta ɗaya ce: daga bayan-gidan mai cutar zuwa bakin mai lafiya. Ruwan sama ya cika salga, ta tumbatsa cikin kwata, kwata ta toshe, ruwan ya tsiyaya cikin rijiya. Shi ya sa muke cewa a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, a ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi, a rataye guga kada a yar da shi a ƙasa. Na san a cikin birni gidan da ke da filin mita 30 sai an tona. To, wanda rijiyarsa ke maƙwabtaka da salga, ya ɗauki ruwanta na wanki ne. Idan dole sai an sha, a tafasa shi har ya yi ɓararraka, ko a sa maganin kulorin irin su WaterGuard ko Aquatabs yadda aka rubuta a jiki, a jira rabin awa.

Inda na fi daɗewa idan na shiga gida shi ne gindin randa. Uwargida za ta sayi ruwa wajen mai kura, ta tafasa, ta juye, ta yi duk abin da muka ce. Can sai yaro ya fito daga ban-ɗaki, ya ɗauki moɗa daga ƙasa, ya zura hannu har wuyan hannu, ya sha, ya mayar da saura. Wahalar itace da ta gawayi ta tashi a banza. Iyaye mata, a samo moɗa mai dogon hannu, a rataye ta a ƙusa, a ɗiba da ita a zuba a kofi, randa kuma kullum a rufe. A ajiye buta da sabulu a ƙofar ban-ɗaki. In sabulu ya yanke, toka ta fi ruwa zalla. Kashin jariri ma ba tsarkakakke ba ne kamar yadda kakanninmu ke cewa, a zuba shi a masai, a wanke fo, a wanke hannu.

Idan kuwa wani ya fara gudawa tsararo kamar ruwan wankin shinkafa, kada a jira gari ya waye. Ƙarewar ruwan jiki ke kisa, kuma cikin 'yan awoyi take yi. A dama ORS, wato garin gishiri da sukari na asibiti, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu, a sa ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri. A riƙa ba shi kurɓi-kurɓi a kan hanyar asibiti. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Kuma don Allah a daina ɓoye mara lafiya saboda kunyar a ce kwalara ta shiga gidan wane. A sanar da mai unguwa ko asibitin unguwa, don mu zo mu duba ruwan da kowa ke sha.

Masu cewa talaka ba abin da zai iya, su leƙa Jigawa. A watan Oktoba na 2022 ta zama jiha ta farko a Najeriya da aka tabbatar ta rabu da bahaya a fili, duk ƙananan hukumominta 27. Gwamnati da UNICEF sun tsaya a kai, amma yawancin masan nan magidanta ne suka haƙa da hannunsu, dagatai da masu unguwanni suna bi gida-gida. Aikin gayya ba baƙonmu ba ne, mun dai mayar da shi na gona kawai. A Kano, Asabar ɗin ƙarshen wata an hana zirga-zirga da safe don tsaftar muhalli, amma mu faɗi gaskiya, yawancinmu ramuwar barci muke yi, samari kuma su mayar da titi filin ƙwallo.

Bin kadin haƙƙi shi ma aikinku ne. Kuka a majalisar shayi ba ya isa ofis. Ku haɗu mutum biyar, ku rubuta takarda kan famfon da ya mutu ko bolar da ta cinye hanya, mai unguwa ya sa hannu, ku kai wa kansila da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ku riƙe kwafi, ku koma bayan mako biyu. Ni da nake ciki na san fayil ɗin da ake zarya a kansa shi ke hawa sama.

Ranar Asabar ɗin tsafta na koma lungun da shebur biyu. Baba ya fito da manjagara, ya taso samarin gidansa, bai ce mini uffan ba sai "Bismilla." Taku goma ne tsawon kwatar gabansa, mun auna. Kafin ƙarfe tara mun cika buhu bakwai, ruwan da ya yi wata a kwance ya motsa, ya gangara, ya je ya tsaya cak a ƙofar maƙwabcinsa, wanda ko leƙowa bai yi ba. Baba ya jingina manjagara da bango, ya gyara hula, ya ce, "Bari in yi masa sallama."