Yadda Ake Tattalin Mai a Mota Mai Haɗa Fetur da Lantarki: Tambayoyi da Amsoshi

Idan motar tana da batir, daga ina ƙarfin da ke cikinsa yake fitowa?

Daga tankin mai yake fitowa, kuma a nan ne masu irin wannan mota da yawa suke yin kuskure. Motar haibirid, wato mai haɗa fetur da lantarki, wadda ba a jona ta da wutar gida, irin Toyota Prius da aka fara sayarwa a Japan a 1997 ko Honda Insight da ta biyo baya a 1999, ba ta da wata hanyar samun ƙarfi sai fetur. Batirin rumbun ajiya ne kawai: injin fetur yana cika shi, birki ma yana mayar masa da wani ɓangare na gudun da aka riga aka ƙona mai aka samu. Duk lokacin da aka mayar da motsi lantarki, aka ajiye, aka sake mayar da shi motsi, sai wani kaso ya salwanta a matsayin zafi. Saboda haka gwanintar direba ba ta cikin yawan tafiya da batir, tana cikin hana gudun da motar ta samu ya tafi a banza.

Me ya sa ake yawan maganar birki?

Domin a nan ne wannan mota ta sha bamban da sauran. A motar fetur zalla, duk taka birki yana mayar da gudu zafi a jikin ƙarfe, iska ta kwashe. A haibirid kuwa, idan aka ɗora ƙafa a hankali, injin lantarki ne yake juyawa ya zama janareta, ya riƙe tayoyi, ya tura wuta cikin batir. Amma akwai iyakar abin da batirin zai iya karɓa a lokaci guda. Da zarar an danna da ƙarfi fiye da wannan iyaka, birki na yau da kullum zai kama, ragowar ƙarfin kuma ya tashi a tutar babu.

A ɗauka direba ya hango danja ta nuna ja yana da sauran nisa mai tsawo. Mai gaggawa zai ci gaba da ba ta wuta har ya matso, sannan ya taka birki da ƙarfi. Wanda ya san motarsa zai ɗage ƙafa daga totur tun daga nesa, ya bar ta tana gangarawa, sannan ya taɓa birki sama-sama yana kallon allurar da ke gabansa ta sauka cikin sashen da aka rubuta CHG, wato caji, a motocin Toyota, ba tare da ta kai ƙarshensa ba. Sau da yawa kafin ya iso danjar ta koma kore, ya wuce bai tsaya ba, alhali na farkon yana tsaye yana shirin tashi daga sifili. Ba sai an faɗa ba, idan yaro ya faɗo titi babu maganar batir. A taka birki iya ƙarfi.

To a wajen tashi fa, jan ƙafa ne ya fi?

Ba kullum ba. Injin yawancin waɗannan motoci yana aiki da wani tsarin ƙona mai da ake kira Atkinson, wanda ya fi tsimin mai idan yana ɗauke da matsakaicin nauyi. Abin da ya fi shi ne a tashi da ƙarfi madaidaici har a kai gudun da ake so, sannan a sassauta ƙafa gaba ɗaya na ɗan lokaci, a mayar da ita kaɗan. A cikin gari wannan sassautawa kan sa injin fetur ya mutu, motar ta ci gaba da tafiya da ɗan taimakon lantarki. Wasu sun mayar da wannan sana'a, suna ba ta wuta suna saki, gudu yana hawa yana sauka. A hanyar da babu kowa yana aiki, amma a cikin jerin motoci takura wa na baya ne, kuma a ganina ribar ba ta kai haɗarin ba.

Maɓallin EV, mai sa mota tafiya da batir zalla, ba domin rage shan mai aka sa shi ba?

Amfaninsa ƙanƙane ne: fitar da mota daga wurin ajiya, ko motsa ta da asuba ba tare da an tashi maƙwabta ba. Wanda ya tilasta mata tafiya da batir har ya yi ƙasa, injin zai tashi ya ƙona mai domin biyan bashin. Kwamfutar motar tana ƙoƙarin riƙe batirin a tsaka-tsaki, ba ya cika maƙil ba ya ƙarewa, domin ya daɗe. Motar da ake jonawa da wuta lissafinta daban ne, domin ita cajinta daga waje yake zuwa.

A kan gangara, a sa giyar B ko a bar ta a firi?

Giyar B tana sa injin fetur ya riƙa juyawa domin ya riƙe motar, wato tana zubar da ƙarfi da gangan. An yi ta ne saboda doguwar gangara inda batir ya cika, birki kuma yake neman yin zafi. A tuƙin yau da kullum D ce ta dace. Firi kuwa asara ce biyu, domin a motocin Toyota batir ba ya karɓar caji a N, wato firi, kuma direba ya rage ikonsa a kan motar.

Me ya sa ba a ganin bambanci sosai tsakaninta da motar fetur zalla a babbar hanya?

Domin a can ba a tsayawa, ba a taka birki, babu abin da za a tara. Abokin gaba a nan shi ne iska, wadda turjiyarta take ƙaruwa da ninkin gudu a kan kansa: daga kilomita 100 a awa zuwa 120, turjiyar ta ƙaru da kashi 44 cikin ɗari. Rage gudu kaɗan da riƙe shi a wuri ɗaya ya fi kowace dabara, haka kuma sauke abin ɗora kaya na saman rufi idan ba a amfani da shi.

Sanyi da zafi suna da tasiri?

Suna da shi. Injin da ya kwana yakan ci gaba da aiki a mintunan farko ko da motar tana tsaye, domin ya ɗumama kansa da na'urar tace hayaƙi da ke jikin salansa. Shi ya sa gajerun tafiye-tafiye biyar a warwatse suka fi tafiya ɗaya mai haɗa saƙonni biyar shan mai. Hita ma daga zafin injin take ɗiba, don haka kunna ta yana hana shi mutuwa. Na'urar sanyaya cikin mota a yawancinsu daga batir take ja, wanda kuma mai ne zai biya. A duba iskar taya tun tana sanyi, a daidaita ta da lambar da ke manne a jikin ƙofar direba. Akwai kuma ƴar kafar iska a gefen kujerar baya ko ƙarƙashinta a motoci da yawa, wadda ta nan batir yake shan iska. Idan jaka ko ƙura ta toshe ta, batirin zai yi zafi, kwamfuta ta rage aikinsa, injin fetur ya ɗauki nauyin.