Me Harshe Yake Yi Banda Isar da Labari?

Ashe ba isar da labari ba ne kaɗai aikin harshe?

Shi ne wanda aka fi lura da shi, amma tsaya a kasuwar Kejetia ta Kumasi da safe ka kasa kunne. Yaron mota yana kiran "Aboabo! Aboabo!", mai koko tana gaida mai saye, wani ya taka wani an ce "wayyo!". Duka magana ce, amma kowace da abin da take yi. A 1934 masanin nan Karl Bühler ya kasa aikin harshe gida uku: faɗin yadda abu yake, fitar da abin da ke zuciyar mai magana, da jan mai sauraro ya aikata wani abu. Masanin harshe Roman Jakobson, haifaffen Mosko, ya ƙara uku a maƙalarsa ta 1960, suka zama shida.

Waɗanne ya ƙara?

Na farko, maganar da ake yi don a riƙe zumunci ko a tabbatar ana jin juna, kamar "kana ji na?" a waya. Na biyu, yin magana a kan harshen kansa: idan abokinka mai jin Twi ya tambayi asalin sunan waakye, wato dafaffiyar shinkafa da wake, ka ce masa daga "wake" ne, aikin da kake yi ke nan. Na uku, inda daɗin lafazi yake zama abin kulawa, kamar a kirari da karin magana. "Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo" ba don ma'anarta kaɗai take zama a kai ba, har da yadda take sauka a kunne.

Doguwar gaisuwarmu fa, ba ɓata lokaci ba ce?

Wannan tambayar takan taɓa ni, don daga bakin yaranmu na zango nake yawan jin ta. Idan ka ce wa dattijo "Baba, ina gajiya?" ya ce "ba gajiya", kai da shi kun san ya wuni a kasuwa ya gaji tiƙis. Bai yi ƙarya ba, domin ba rahoton lafiyarsa ka nema ba. Ka nuna masa ka gan shi, ka san girmansa. Masanin al'adu Bronisław Malinowski ya yi rubutu kan irin wannan magana tun 1923, ya nuna aikinta ƙulla zumunci ne tsakanin mutane. Gwada shiga gidan haya a unguwar Asawase ka tambayi ɗakin wani ba sallama ba gaisuwa. Tambayarka daidai take a nahawu, amma da wuya a nuna maka ƙofar da sakin fuska.

Ta yaya ake amfani da wannan wajen nazarin rubutu?

Ana tambayar wane aiki ne ya fi rinjaye, don da wuya a sami rubutu mai aiki ɗaya tak. Ɗauki sanarwar rasuwa da ake turawa a WhatsApp. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un" tana fitar da alhini da miƙa wuya. Sunan mamaci da unguwa da lokacin jana'iza labari ne tsantsa. "Wanda ya gani ya sanar da wanda bai gani ba" umarni ne cikin ladabi. Mai nazari sai ya nuna wanne ya ɗauki nauyin rubutun, da kalmomin da suka sa ya faɗi haka.

Ina mai nazari ya fi yin tuntuɓe?

A wurin habaici. Mace a tsakar gida tana ce wa kaza, "Ke dai ba kya zama inda aka ajiye ki!" A fili umarni ne ga kaza, alhali maƙwabciyar da ke wanki a gefe ake nufi, ita ma ta gane. Wanda ya tsaya kan kalmomin kawai zai rubuta cewa ana korar kaza. Dole ya san wa ke tsaye a wurin, da abin da ya faru tsakaninsu jiya a bakin famfo.