Waiwaye: Itacen fofula da rikicin sunansa a littattafan Yahudawa da Kirista

Itacen da Turawa ke kira poplar, Larabawa kuma haur, ba namu ba ne a nan; dogo ne mai son bakin ruwa, ganyensa na kaɗawa ko iska kaɗan ce. Bari mu kira shi fofula. Sau nawa ya fito a Littafi Mai Tsarki? Amsar ta danganta ga fassarar da ke hannunka, kuma an daɗe ana wannan ja-in-ja.

Kalmar Ibrananci da aka fi alaƙanta da shi ita ce libne, sau biyu kacal ta zo. Na farko a Farawa 30:37, inda Yakubu ke kiwon garken surukinsa Laban. Ya yanko ɗanyun tsumagun libne da na wasu itatuwa biyu, ya feƙe ɓawon har fari ya fito zane-zane, ya jera su a komayen shan ruwa, dabbobi suka riƙa haifar masu dabbare-dabbare, waɗanda su ne ladan kiwonsa. Mai jin Ibrananci zai yi murmushi a nan, domin libne da Laban tushensu ɗaya, ma'anarsa fari. Da farin itace aka yi wa Malam Fari wayo. Na biyu a Yusha'u 4:13, inda annabin ke tsawata wa masu yanka da ƙona turare a kan tuddai, ƙarƙashin itatuwa masu daɗin inuwa.

Tun a Iskandariyya aka fara rabuwa. Fassarar Girkanci da Yahudawan can suka fara a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu ta ce farin fofula a Yusha'u, amma a Farawa ta kawo wani ɗan gajeren itace mai farin fure, wanda Larabawa ke kira lubna. Jerom, da ya fassara zuwa Latin a wajen shekara ta 400, ya sa fofula a duka biyun, fassarar Turanci ta Sarki James ta 1611 ta bi sahunsa.

Inda labarin ya fi daɗi shi ne Zabura 137. Bayan Nebukadnezzar ya rushe Urushalima a wajen 586 kafin Almasihu, waɗanda aka kwashe sun zauna bakin kogunan Babila suna kuka, sun rataye garayunsu a kan itatuwan da Ibrananci ya kira arabim. Ƙarnuka aka yi ana fassara wannan da wilo, wani itacen bakin rafi mai siraran ganye. Har Linnaeus, masanin tsirrai ɗan Suwidin, ya raɗa wa wilo mai rassa a sunkuye suna Salix babylonica a 1753, alhali asalin itacen daga Sin yake. Wanda ya cika gaɓar Furat shi ne wani nau'in fofula mai jure gishiri, Larabawa na ce masa garab. Shi kuwa mayaudari ne: yana ƙarami ganyensa siriri kamar na wilo, in ya girma sai ya yi faɗi. Shi ya sa fassarar NIV ta Turanci ta mayar da garayun kan fofula, kuma a ganina ta fi kusa da gaskiya.

Ga Yahudawa maganar ta wuce fassara, ta shiga ibada. Littafin Firistoci 23:40 ya umarta a riƙe rassan araba (tilon arabim) na rafi a Idin Bukkoki, tare da ganyen dabino da wasu tsirrai biyu. Malaman Talmud, kundin shari'ar Yahudawa, suka tsaya bambance araba da wani mai kama da shi, safsafa, wanda ya fito a Ezekiyel 17:5: araba jan kara da dogon ganye mai santsin baki, safsafa farin kara da zagayayyen ganye, kuma bai halatta a idin ba. Rab Hisda, ɗaya daga cikin malaman, ma ya ce bayan rushe Haikali sunayen biyu sun yi musanya a bakin mutane. Alamar hakan na nan har yau: a Ibranancin zamani safsafa fofula ne, araba wilo, a Larabci kuwa safsaf shi ne wilo, garab fofula.

Labarin da ake ji a Turai, wai wani nau'in fofula na rawar jiki ne don da shi aka yi gicciye, tatsuniya ce. Linjila ba ta faɗi irin itacen ba.