Kayan Fatsar Kifin Bas: Sanda, Na'urar Naɗi da Koton Yaudara

Kayan fatsar kifin bas su ne sanda, da na'urar naɗe zare, da zaren kansa, da koton yaudara, waɗanda ake haɗawa domin kamun wani rukunin kifayen tabkuna da koguna da asalinsu Arewacin Amurka ne. A can ba don neman abinci aka fi yin wannan fatsa ba, nishaɗi ce da gasa, kuma yawanci ana mayar da kifin cikin ruwa da ransa bayan an auna shi. Ƙa'idar da masanan fannin suka fi tsayawa a kai ita ce ba daga kanti ake fara zaɓe ba: yanayin ruwa da maɓoyar kifi ne ke nuna koton da ya dace, koton ya nuna zare, sannan a nemi sanda da na'urar da za su iya jefa shi su kuma janyo abin da ya kama.

Kifin da halayensa

Kifayen bas na cikin jinsin Micropterus, a dangin Centrarchidae. Uku ne suka fi shahara a wurin masu fatsa: mai babban baki, mai ƙaramin baki, da mai ɗige-ɗige. Mai babban baki yana son ruwa mai ɗumi wanda ba ya gudu sosai, yana fakewa a cikin ciyawa da bado da ƙarƙashin itatuwan da suka faɗa ruwa, daga nan yake far wa ƙananan kifaye da kwaɗi da jatan lande. Mai ƙaramin baki kuwa ya fi zama a ruwa garai-garai mai sanyi, inda akwai duwatsu da tsakuwa. Ban da ido, kifin yana jin motsin ruwa ta wani layin jijiyoyi da ke gefen jikinsa, shi ya sa girgizar koto take da muhimmanci kamar launinsa. Ko da yake surarsa na iya tuna wa mutum giwan ruwa, dangin biyu daban suke.

Tun daga 2022 wasu masana suka mayar da sunan kimiyya salmoides, wanda a da ake kiran mai babban baki da shi, ga nau'in jihar Florida, suka ba mai babban baki na arewa sunan nigricans. Tsofaffin rubuce-rubuce suna nan a kan tsohon tsari.

Na'urar naɗe zare

Tarihin wannan na'ura a Amurka ya faro ne daga hannun masu gyaran agogo. An fi danganta ta farko ga George Snyder na garin Paris a jihar Kentucky, wanda ya ƙera ta tsakanin wajen 1810 da 1820. Abin da ya bambanta ta da na da shi ne giyar da ke cikinta, wadda ke sa kwarkwaron zare ya juya sau da yawa a duk murɗa hannu guda. Daga baya 'yan'uwa biyu, Jonathan da Benjamin Meek, da kuma B. C. Milam, suka mayar da garin Frankfort cibiyar wannan sana'a. Da hannu suke ƙera su, da tagulla ko farin ƙarfe, da irin tsanakin da ake yi wa agogo, kuma akasarinsu suna juya kwarkwaro sau huɗu a murɗa ɗaya. Har yau masu tara kayan tarihi suna biyan kuɗi masu yawa a kan waɗannan na'urori na Kentucky, kuma ba a banza ba, domin da yawa daga cikinsu suna juyawa sumul bayan fiye da shekara ɗari.

Matsalar da ta rage ita ce jera zare daidai a kan kwarkwaro, aikin da mai fatsa yake yi da yatsunsa. A ƙarshen shekarun 1890 William Shakespeare Jr. na garin Kalamazoo a Michigan ya sami haƙƙin mallakar wata dabara mai kai zare dama da hagu da kanta. A 1952 kamfanin ABU na Suwidin, wanda shi ma da ƙera agogo ya fara, ya fitar da Ambassadeur 5000 mai birkin da ke rage gudun kwarkwaro a lokacin jifa. A 1973 Lew Childre ya kawo Speed Spool, siririyar na'ura da ke shiga tafin hannu, wadda surarta ta zama abin koyi. Birkin maganaɗisu ya biyo baya a farkon shekarun 1980.

Ɗaya reshen kuma daga Ingila ya fito. Alfred Holden Illingworth, mai masaƙa a yankin Bradford, ya yi rajistar na'ura mai kafaffen kwarkwaro a 1905, wadda zare ke zamewa daga bakinta ba tare da kwarkwaron ya juya ba. Ba ta yaɗu a Amurka ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman da zuwan Mitchell 300 daga Faransa wajen 1948. A daidai wannan lokaci R. D. Hull, wani mai gyaran agogo daga Texas, ya kai wa kamfanin Zero Hour Bomb Company na Tulsa, mai ƙera nakiyar rijiyoyin mai, wata rufaffiyar na'ura mai maɓalli. An fara sayar da ita a 1949, kamfanin ya koma Zebco, kuma samfurinsa mai lamba 33, na 1954, shi ne wanda yaran Amurka da yawa suka fara fatsa da shi.

Waɗannan iri uku su ne a kasuwa har yanzu. Mai juyayyen kwarkwaro tana zama a saman sanda, tana ɗaukar zare mai kauri da koto mai nauyi, tana kuma ba da damar saka koto daidai gindin kututture, amma tana buƙatar horon babban yatsa, domin idan kwarkwaro ya fi zare gudu sai zaren ya cukurkuɗe. Mai kafaffen kwarkwaro tana rataye a ƙasan sanda, ta fi sauƙin koyo, kuma ita ce ta dace da siririn zare da koto maras nauyi. Rufaffiyar ta masu koyo ce. Ana rubuta saurin na'ura da alƙaluma kamar 6.3:1, ma'ana kwarkwaro, ko sashen da ke naɗa zare a mai kafaffen kwarkwaro, yana juyawa sau 6.3 a murɗa guda. Mai wajen 5:1 ta fi ƙarfin jan koto mai nitso can ƙasa, mai 7:1 ko 8:1 ta fi saurin kwashe zaren da ya saki, ta tsakiya kuma tana yin kusan kowane aiki.

Sanda

Sandunan farko na katako ne, sannan aka koma gora da ake tsagawa a fere a manne, fasahar da ake dangantawa da Samuel Phillippe na Pennsylvania wajen shekarun 1840. An yi zamanin sandar ƙarfe. Ta zaren gilashi ta shigo a ƙarshen shekarun 1940, ta zaren kabon kuma a 1973 daga kamfanin Fenwick.

Abu uku ake dubawa a jikin sanda. Na farko tsayi, wanda yawanci yake tsakanin ƙafa 6 da 8, wato mita 1.8 zuwa 2.4, doguwa ta fi nisan jifa, gajera ta fi saiti a wuri mai matsi. Na biyu ƙarfi, wato nauyin da take ɗauka kafin ta lanƙwashe. Na uku wurin lanƙwasa, kuma a nan ne sababbin shiga suka fi ruɗewa. Sandar da kanta kaɗai ke lanƙwasa tana isar da fizgar hannu ga ƙugiya nan take, don haka ta dace da koto mai ƙugiya ɗaya mai kauri wadda sai an soka ta da ƙarfi. Wadda ke lanƙwasa har tsakiya tana sassautawa idan kifi ya yi tsalle ko ya girgiza kai, don haka ake haɗa ta da koto mai ƙananan ƙugiyoyi masu baki uku, waɗanda ke saurin yage leɓen kifi. Saboda wannan ne sandar zaren gilashi ba ta ɓace ba duk da nauyinta. Ga mai sayen sanda guda tak, shawarar da aka fi bayarwa ita ce mai ƙafa 7, mai ƙarfi sama da matsakaici, mai lanƙwasa a kai. A shekarun 1970 Dee Thomas na California ya yaɗa salon lilo da koto a ajiye shi shiru cikin kurmin ciyawa daga kusa, salon da ya haifar da sanda mai ƙafa 7 da rabi mai tauri ƙwarai.

Zare

Zaren nailan ya samu karɓuwa a ƙarshen shekarun 1950. Yana miƙewa, yana kuma jinkirin nitsewa. Na fulorokabon, wanda kamfanin Kureha na Japan ya fara fitarwa a 1971, yana nitsewa kuma da wuya kifi ya gan shi a ruwa garai. Saƙaƙƙen zare na zamani, na farkon shekarun 1990, kusan ba ya miƙewa kuma yana yanka ciyawa. Ana auna ƙarfin zare da laba: 6 zuwa 10 ga ƙananan koto, 12 zuwa 20 ga aikin yau da kullum, 50 zuwa 65 na saƙaƙƙe a cikin bado mai duhu.

Koton yaudara

Mafi yawan koton da suka yi suna ba a ɗakin bincike aka ƙirƙiro su ba, mutane ne masu wata sana'a dabam suka sassaƙa su a gida. Julio Buel ya yi rajistar koto mai siffar cokali a 1852, kuma ana ba da labarin cewa cokalinsa ne ya faɗa tabki ya ga kifi ya bi shi. Irin wannan labari ake bayarwa game da James Heddon, mai kiwon zuma a Dowagiac ta Michigan, cewa a ƙarshen shekarun 1890 ya jefa guntun icen da yake ferewa cikin ruwa sai bas ya cafke. Abin da yake tabbas shi ne iyalinsa sun kafa kamfani wajen 1902, kuma Zara Spook na 1939, wanda ke tafiya dama da hagu a saman ruwa, daga gidan ya fito. Fred Arbogast na Akron ya fitar da Jitterbug a ƙarshen shekarun 1930, koton da har yanzu ake jefawa da dare.

A Finland, wani masunci mai suna Lauri Rapala ya sassaƙa ɗan kifi a 1936 daga ɓawon itacen da ake toshiyar kwalba da shi, ya naɗe shi da takardar azurfa ta cakulan, ya kwaikwayi tangaɗin kifin da ya ji rauni. Sunansa ya cika Amurka ne a 1962, sa'ad da mujallar Life ta buga labarinsa a fitowar da ta ɗauki mutuwar Marilyn Monroe. A Tennessee kuma Fred Young ya sassaƙa Big O da katakon balsa wajen 1967, ɗan kumburarren koto mai leɓe wanda Cotton Cordell ya mayar na roba a farkon shekarun 1970.

Sai dai babu abin da ya sauya wannan fatsa kamar tanar roba. Nick Creme, ma'aikacin injuna a Akron, shi da matarsa suka narka roba a ɗakin girkinsu suka zuba ta a zubin tana a 1949. Ba ta yi kasuwa sosai ba sai da ta isa Texas, inda sababbin madatsun ruwa suka shanye dazuzzuka, kowace ƙugiya a buɗe tana maƙalewa a reshe. Masu fatsa a can suka gano dabarar mayar da tsinin ƙugiya cikin jikin tanar, da ɗan darma mai siffar harsashi a gabanta, ta yadda za ta ratsa rassa da ciyawa ba ta kama komai ba sai kifi. Creme ya mayar da kamfaninsa garin Tyler na Texas, kuma wannan ɗauri har yau da sunan jihar ake kiransa. Ga mai koyo, babu koton da ya kai ta arha da koya haƙuri da sauraron zare.

A aikace ana raba koto gwargwadon zurfin da suke aiki. Na saman ruwa, har da kwaɗon roba, sun fi ci da asuba da almuru. Mai leɓe yana nitsewa gwargwadon tsayin leɓensa. Mai faifan ƙarfe da ke juyawa yana walƙiya yana girgiza, ya dace da ruwa mai laka da ranar iska. Ƙugiya mai kan darma da gezar roba tana kwaikwayon jatan lande a ƙasan ruwa. Game da launi, ana sa mai kama da halitta a ruwa garai, mai duhu ko mai haske sosai a gurɓataccen ruwa. Idan ruwa ya yi sanyi kifi ba ya bin abu da gudu, sai a rage girman koto da saurin ja. Idan ɗumin ruwa ya kai wajen digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Celsius, kifayen suna hawowa bakin gaɓa domin yin ƙwai, daga Fabrairu a kudancin Amurka zuwa Yuni a arewacinta.

Gasa da manyan kamu

Ray Scott ya shirya gasarsa ta farko a tabkin Beaver na Arkansas a 1967, ya kafa ƙungiyar masu fatsar bas ta B.A.S.S. a 1968, aka yi gasar zakarunta ta Bassmaster Classic karo na farko a tabkin Mead a 1971, kuma daga 1972 ya fara kiran a riƙa sakin kifi da rai. Gasar ce ta jawo al'adar jera sanduna da yawa a jirgi, kowace da kotonta.

Mai babban baki mafi nauyi da aka amince da shi shi ne na George Perry, laba 22 da oza 4, kimanin kilo 10, a tabkin Montgomery na Jojiya ranar 2 ga Yuni, 1932. An yarda koton kamfanin Creek Chub ne, amma an yi saɓani a kan samfurin. Manabu Kurita ya kamo wanda ya ɗara shi kaɗan a tabkin Biwa na Japan a 2009, hukumar IGFA, mai rajistar manyan kamun kifi na duniya, ta ɗauke su a matsayin kunnen doki saboda ratar ba ta kai oza 2 ba.

Abubuwan da ake jayayya a kai

Koto mai rassan waya biyar da ake kira da sunan Alabama ya yi tashe a 2011, B.A.S.S. ta hana shi a babbar gasarta a 2012. Jihar New Hampshire ta fara taƙaita ƙananan darma a 2000 saboda tsuntsayen ruwa da ke haɗiye su, wasu masu fatsa suka koma ƙarfen tangistan duk da tsadarsa. Na'urar da ke nuna kifi kai tsaye a gaban jirgi, wadda ta yaɗu bayan 2018, ta raba kan masu gasa, kuma daga 2025 wasu masu shirya gasa sun taƙaita ta.

An kai kifin bas zuwa Japan a 1925, Afirka ta Kudu a 1928, da tabkin Naivasha na Kenya wajen 1929. A wurare da dama ya cinye ƙananan kifayen gida, har Japan ta sa shi cikin jerin baƙin halittu masu ɓarna a 2005, kuma a tabkin Biwa dokar lardin Shiga ta hana mayar da shi ruwa bayan an kama.